Yadda za ku nemi a gyara dokar ƙwaya ba tare da an ce kun zo halatta shaye-shaye ba

Ranar da muka fara kai wa limamin unguwarmu maganar gyaran dokar ƙwaya, ko zama ba mu gama yi ba ya dube mu ya ce, “Wato so kuke a halatta wa yara wiwi?” Laifinmu ne. Mun bar wani matashi ɗan jami'a ya buɗe magana, shi kuwa da zumuɗinsa ya fara da cewa akwai ƙasar da ta daina ɗaure masu shaye-shaye. Daga nan Malam bai ƙara jin komai ba. Aka kawo ruwa muka sha, aka shafa fatiha, muka fito. Sai da aka yi wata huɗu kafin ya yarda ya sake zama da mu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya bayan shekara 26 ina aiki, fiye da rabinsu a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Kano. Ba sha'awa ce ta kawo ni wannan harka ba. Ɗan yayata aka kama da ƙullin wiwi biyu a aljihu yana ɗan shekara 19, ya yi wata bakwai a tsare ana jiran shari'a. Ya shiga yana shan abu ɗaya, ya fito ya san biyar, har da inda ake samunsu da araha. Tun daga nan muka haɗu mu kaɗan, iyaye da wani lauya da matasa biyu da suka daina sha, muna bin ofisoshi da zaurukan malamai. Yawancin abin da zan faɗa muku, sai da muka yi tuntuɓe muka koye shi.

Kafin ku taka ƙofar kowa, ku zauna tsakaninku ku tsayar da abin da kuke nema, domin abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai halattawa, a bar abu a sayar a kasuwa kamar taba. Akwai daina kai mai sha gidan yari, abin yana nan haramtacce, dila yana nan mai laifi, amma wanda aka kama da ɗan abin da zai sha a tura shi asibiti ko a ci shi tara. Akwai kuma rage ɓarna, wato a taimaki wanda bai iya dainawa ba tukuna don kada ya mutu ko ya kwashi cuta kafin Allah ya shirye shi. Mu na biyu da na uku muke nema. In akwai mai neman na farko a cikinku, ku rabu lafiya tun da wuri, tafiyarku ba ɗaya ba ce, kuma shi kaɗai ya isa ya sa a rufe muku kowace ƙofa a Arewa.

Sai ku karanta dokar da idonku. Na sha mamakin yawan masu kiran a gyara doka da ba su taɓa buɗe ta ba. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, soja suka kafa ta a 1989, kuma dokar da ta kafa ta ita ce har yau ƙashin bayan hukunci. Sashe na 11 da na 19 sun tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar ibilis ko makamantanta, ko da sha kawai yake yi. Alƙalai ba kasafai suke yanke wa ƙaramin mashayi wannan ba, sukan sassauta. Amma wannan adadi yana nan kamar takobi a rataye, shi ake nuna wa uwa a ce mata, “Hajiya, kin san shekara nawa ne?” sai ta sayar da ɗan kunnenta. Majalisa kuma takan taɓa dokar lokaci zuwa lokaci: a watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara, daga baya majalisun biyu suka daidaita a kan ɗaurin rai-da-rai. Saboda haka ku nemi lauya ya tabbatar muku da abin da ke aiki a ranar da za ku yi magana, kada ku je da tsohon kwafi a kunyata ku.

Ga wani abu da lauyanmu ya nuna mana da ya cece mu wahalar shekara guda. Harkar magunguna da guba tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron laifukan dokar NDLEA. Majalisar jiha ba ta da ikon rage wa mashayi shekarun ɗauri ko da dukan 'yan majalisar sun yarda da ku. Mun yi ta shirin kai musu wannan buƙata, da mun je da sai su karɓe mu hannu bibbiyu, a yi hoto, magana ta mutu a nan. Abin da jiha ke iyawa daban ne: ta ware kuɗi don gadaje da ma'aikatan jinya, ta sa ido a kan gidajen gyaran tarbiyya, ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Akwai kuma dokokin da ke nan amma suna barci. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da ta gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun yarda da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki ko sakin mutum bisa sa ido. Wani lokaci gyaran da kuke nema ba sabuwar doka ba ce, tayar da tsohuwa ne daga barci.

Daga nan sai alƙaluma, kuma a nan ne na fi ganin masu kyakkyawar niyya suna zubar da mutuncinsu. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa. Wannan adadi ya zagaya duniya, har yau ana maimaita shi a wa'azi da rediyo. Ni ba na amfani da shi. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ce mutum miliyan 2.4 ne a duk faɗin Najeriya suka sha maganin tari don buguwa a cikin shekara. Ku auna da kanku ko jiha biyu za su shanye kwalba miliyan uku kowace rana. In kuka faɗi abin da ba za ku iya karewa ba, mutum ɗaya mai lissafi a ɗakin ya isa ya rusa duk sauran maganarku.

Wancan bincike shi ne abin riƙewa, ku buga shi ku ajiye. Ya ce mutum miliyan 14.3 ne, kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, suka sha wani abu a shekarar, ban da taba da giya. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, sai magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol da miliyan 4.6. Cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Abin da ya fi ba ni mamaki: Kudu maso Yamma ce ta fi kowane yanki, kashi 22.4, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12, kodayake Kano ita kaɗai ta kai kashi 16. Na kan faɗi wannan ga masu cewa Arewa ta lalace, ba don mu saki jiki ba, sai don tsoro ba ya haifar da doka mai kyau. Akwai kuma adadi ɗaya da ya fi kowanne amfani gare ku: cikin masu shan, wajen ɗaya cikin biyar ne abin ya zama masa ciwo. Ma'ana, ba kowane yaro da aka gani da ƙulli ne ke buƙatar gado a asibiti ba, balle gidan yari. Ku kuma faɗa wa masu sauraro cewa binciken ya kwana biyu, kasuwa ta sauya tun daga lokacin.

To, amma ɗan majalisa ba ya jin miliyan. Yana jin mazaɓarsa. Shi ya sa dole ku yi naku ɗan bincike a unguwanninku, kuma a nan zan ɗan tsaya, don a nan aikin yake.

Ku fara da neman izini. Duk binciken da za a yi wa mutane tambaya a kan lafiyarsu yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, akwai shi a ma'aikatar lafiya ta jiha da asibitocin koyarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ku sami malamin jami'a a sashen lafiyar al'umma ko nazarin zamantakewa ya tsaya muku, a Bayero ko Ahmadu Bello ko wadda ke kusa da ku. Suna da ɗalibai masu neman abin rubutawa, ku kuna da hanyar shiga lungu, kowa ya samu. Takardar izinin nan kuma ita ce garkuwarku ranar da 'yan sintiri suka tarar da ku zaune a kango da yara takwas.

Kada ku rubuta suna. Kada ku ɗauki hoto, kada ku naɗi murya, kada ku tambayi wa ke sayarwa. Lamba za ku ba kowa. Littafin da ke ɗauke da sunayen mashaya da unguwanninsu, in ya faɗa hannun da bai dace ba, jerin kamu ne kuka haɗa da kanku. Ku gaya wa kowa tun farko me za ku yi da amsarsa, kuma yana da damar tashi ya tafi a tsakiyar hira. Kuɗin mota da lemo ba laifi, amma kada ya kai abin da zai sa mutum ya ƙirƙiro muku labari.

Wanda zai yi tambayar ya fi tambayar muhimmanci. Ni da hijabina da furfurata in na zauna gaban ɗan shekara 20 na ce me kake sha, zai ce, “Wallahi Mama na daina tun azumi.” Yaranmu biyu da suka taɓa sha su ne ke shiga, sun san gaisuwar wurin, sun san lokacin da mutane ke cikin hayyacinsu, da hantsi, ba bayan magariba ba. Ni kuma nawa ɓangaren mata ne. Matar aure da ke shan kodin a ɗaki ba za ta taɓa zuwa taro ba, ba za ta amsa wa namiji ba. Ta hannun mai kitso da mai lalle da ungozoma na same su, ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe. Da yawansu da asibiti abin ya fara, ciwon mara ko rashin barci bayan haihuwa, wasu kuma ranar da aka yi musu kishiya ƙawa ta miƙo kwalba ta ce sha ki huta. Ba ɗaya cikinsu da ta san akwai magani. Abin da suka sani shi ne in miji ya gane, takarda ce.

Tambayoyin su zama kaɗan, waɗanda za a amsa cikin minti ashirin. Me ake sha, tun yaushe, nawa ake kashewa a rana, me ya sa aka fara. Sai waɗanda suka shafi doka kai tsaye, su ne zinariyar: an taɓa kama ka? Da me aka same ka? Kwana nawa ka yi? Nawa aka biya ka fito? Bayan ka fito ka rage ko ka ƙara? Ka taɓa neman magani, ina ka je, me aka ce maka? An taɓa kai ka gidan mari? In kun tara amsoshi, ku faɗe su yadda suke: mun tambayi mutum kaza a unguwa kaza, kaza daga cikinsu suka ce kaza. Kada ku mayar da amsar mutum hamsin ta zama “matasan Kano.”

Akwai kuma bayanan da ke kwance a ofisoshi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa hukumar tarayya wasiƙa ku nemi alƙaluma, kuma kwana bakwai ta ba su su amsa. Ku tambayi mutum nawa aka kama da laifin mallaka kawai, nawa da laifin sayarwa, nawa ke jiran shari'a, gado nawa ake da shi na jinyar mashaya, nawa ne na mata. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Mun taɓa rubuta wa wani ofishi sau uku ba amsa, daga baya wasiƙun uku masu hatimi suka zama hujja da kansu a gaban kwamiti.

Sanin abin da ake sha kuma wani karatu ne, kuma yana gudu ya bar ku. Sunan titi ba ya gaya muku abin da ke ciki. Abin da yara ke kira roci ya samo suna daga kamfanin Roche, amma yau ana kiran ƙwayoyin sa barci iri-iri da wannan suna. Ekzol da suke haɗiya, mu a asibiti muna ba marasa lafiya shi don rage sanƙarewar jiki da rawar hannu da wasu magungunan ƙwaƙwalwa ke jawowa, in aka zarce kuma ya sa mutum gane-gane. Tiramol da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, na kasuwar bayan fage kuwa 200 ne da 225, kuma yawansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Na ga iyaye da dama sun kai yaro ruƙiyya wata da watanni ana cewa aljanu, alhali katin tiramol ne a aljihunsa. Zaƙami kuma, da ke tsirowa a bayan kowace katanga, ba dokar da za ta hana shi fitowa da damina.

Ku lura da yadda kasuwa ke amsa wa haramci, don nan ne hujjarku mafi ƙarfi take. Bayan rahoton BBC kan shan kodin na ƙarshen Afrilun 2018, gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin cikin 'yan kwanaki. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara fitar da tiramol. Kwalba ta yi tsada, amma masu sha ba su ɓace ba. A Fabrairun 2025 wani rahoton BBC ya nuna wasu ƙwayoyi da ake haɗawa a Indiya, gamin tafentadol da karisofurodol, ana shigo da su Najeriya da Gana da sunaye irin su Tafrodol, sun fi tiramol haɗari. A Saliyo kuma, inda aka ayyana dokar ta-ɓaci a 2024 saboda abin da suke kira kush, da aka kai samfur ɗakin gwaji aka sami nitazin a ciki, dangin sinadaran da ɗan kaɗan ke tsayar da numfashi. An toshe rami ɗaya, ɓera ya ɓullo ta wani. Wannan ba ya nufin hanawar kuskure ce, ni na goyi bayan hana kodin. Yana nufin in an hana ba a tanadi magani ba, an yi rabin aiki. Gargaɗi ɗaya: kada ku sayi ƙwaya ko ku ajiye ta da sunan bincike. Doka ba ta san niyyarku ba. Ku rubuta sunan da ke jikin kwali da lambar ƙarfinsa, gwaji kuwa aikin NAFDAC ne da NDLEA da jami'o'in da ke da lasisi.

Da takardunku a hannu, sai ku koma wurin malamai da masu unguwanni, kafin 'yan siyasa. Karo na biyu da muka je wurin liman ni na yi magana, kuma ban ambaci doka ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, haramun ne, ba mu zo jayayya a kan wannan ba. Mun zo tambaya ne, yaron da ya riga ya faɗa, ina za mu kai shi?” Sai yayata ta ba da labarin ɗanta, ta yi kuka, Malam ya sunkuyar da kai. Shi da kansa ya kawo hadisin mutumin da ake yawan kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Ya kuma tuna mana cewa an hukunta mutumin, kada mu ɗauki rabin hadisi mu bar rabi. Na ce haka ne, amma an hukunta shi ya koma gida cikin jama'a, ba a jefa shi cikin ɓarayi wata bakwai ba. Ya yi shiru, ya ce mu dawo ranar Alhamis. Ku bar malami ya kawo hujjar addini da bakinsa. In ku kuka kawo, gardama ce, in shi ya kawo, huɗuba ce.

Maganar gidan mari kuwa ku taka ta a hankali. Kowa ya tuna Satumban 2019 da aka fito da mutane wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, da wanda aka buɗe a Daura wata guda bayan haka. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su ɗauke Arewa duka ba, kuɗin kwanciya kuma ba na talaka ba ne. In kuka zagi iyaye kun rasa rundunarku. Abin da nake gaya musu na aikina ne: wanda jikinsa ya saba da ƙwayar barci irin su diyazafam, in aka yanke masa rana ɗaya aka ɗaure shi, jijjiga na iya kashe shi, a hankali ake rage masa ƙarƙashin kulawar likita. Mai kodin kuma zai yi zawo da ciwon gaɓoɓi da hamma da majina kwana da kwanaki, ba taurin kai ba ne, jiki ne ke nema. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marasa lafiya haƙƙin a kula da su da mutunci. Ku riƙe ta.

Misalan ƙasashen waje ku ajiye su sai an tambaya, kuma ku fara da na kusa. Gana, inda 'yan'uwanmu ke zaune a zango-zango, ta yi sabuwar doka a 2020 da ta mayar da hukuncin mai sha tara maimakon ɗauri, sai dai wanda ya kasa biya yana iya ƙarewa a gidan yari, to talaka bai tsira duka ba. Senegal, ƙasar Musulmi, ta buɗe cibiyar jinyar mashaya a Dakar a 2014 inda ake ba da metadon, maganin da likita ke ba mai jinya a madadin ƙwayar da jikinsa ya saba da ita. Kwamitin da Kofi Annan ya kafa, Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawara tun 2014 cewa ƙasashen Afirka ta Yamma su daina ɗaukar mai sha a matsayin mai laifi, a 2018 kuma ya fitar da samfurin doka. Sunan Obasanjo na da amfani a ɗakin taro, ba wanda zai ce tsohon soja ne mai sakaci. Fotugal ita ce ta shahara, tun 2001 wanda aka samu da abin da bai wuce na kwana goma ba ana tura shi gaban kwamitin da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, kuma masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura sun ragu ƙwarai. Amma ku ambaci jihar Oregon ta Amurka da kanku kafin wani ya jefe ku da ita: sun daina kamu bayan ƙuri'ar 2020, wuraren jinya ba su kankama da wuri ba, shaye-shaye ya cika tituna, a 2024 suka janye. Ni wannan ya fi Fotugal koya mini abu.

In za ku je majalisar jiha, buƙata ɗaya za ku kai, a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci. Tamu ita ce a keɓe ɗakin kwantar da mata masu jinyar shaye-shaye, da ma'aikata mata. Ku nemi sakataren kwamitin lafiya kafin shugaban kwamitin, shi ya san ranar da za a kare kasafin kuɗi da ranar jin ra'ayin jama'a, kuma shi ba ya sauka bayan zaɓe. Ku je wata biyu ko uku kafin a gabatar da kasafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku ɗauki NDLEA abokiyar gaba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma jami'an wannan sashe sun fi kowa sanin ƙarancin gado. Ku yi musu gayyata su zauna a teburinku. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, gidajen rediyo na neman baƙi, ku nemi fili tun farkon wata. In kun shiga, ku bar kalmar “ɗan ƙwaya,” ku ce yaronmu, ƙanenmu, mai jinya. Kada kuma ku kai wanda bai yi shekara da dainawa ba gaban makirufo, ko ya nace. Mun yi wannan kuskure sau ɗaya, yaro ya ba da labarinsa ranar Asabar, ranar Litinin iyayen yarinyar da zai aura suka dawo da kaya.

Ɗakin matan har yanzu ba a gina ba. An sa shi a kasafi sau ɗaya, kuɗi bai fito ba, bana ma mun sake miƙa takarda. Abin da ya samu shi ne liman ya ba mu minti goma bayan sallar Juma'a duk wata, kuma mai unguwa yanzu in 'yan sintiri suka kama yaro da ƙulli, ni yake fara kira kafin ofis, ko da ƙarfe ɗaya na dare ne. Ɗan yayata yana gyaran waya a kasuwa. Sau biyu ya koma sha tun fitowarsa, na biyun ya fi muni, sai da muka kwantar da shi sati uku. Ranar Talatar farko ta kowane wata yana da ganin likita, ni nake raka shi, shi yake biyan kuɗin adaidaita.